Sanda Ta Sha Biyar

Masu cika min akwatin saƙo da "Auta, ya aka ƙare?" da "Auta, mun ji ki shiru", to ku huta, ban samu ba. Na faɗi. Ke kuma da kika rubuto cewa dama wasan manya ne, me ya kai 'yar shagon tabarau, na ga naki, na gode. Ba kunya ce ta sa na yi shiru ba. Duk lokacin da na ɗauki wayar nan zan rubuta sai in ajiye ta, don ba na son in rubuta muku abin da zan dawo ina gogewa.

Waɗanda yau suka fara shigowa, bari in gajarta muku. Ni ce auta a gidanmu, shekaruna ashirin da bakwai, aikina gwada wa mutane gilashi ina tambayarsu, "Wannan ya fi, ko wancan?" daga safe har yamma. Golf kuwa tun ina firamare Abba yake jana fili duk Asabar, lokacin da kamfanin da yake wa aiki ke barin ma'aikata su shiga kulob. Abba ya rasu, wasan ya zauna min a jini. Ba shi da wuyar ganewa: rami goma sha takwas ne, wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Gasar da na shiga ta neman gurbi ce, ta mu 'yan dagaji da ba sana'armu ba ce. Mata uku na farko ake ɗauka a sa su cikin tawaga, su yi shekara suna atisaye da tafiye-tafiye. Ta huɗu kuma ta koma gida ta ci gaba da goge gilashi.

Safiyo a filin muka haɗu. Awon filaye ne aikinsa, shi ya sa kowa ke kiransa haka, har Mama. Ranar da aka fara haɗa mu wasa na yi masa kaca-kaca, ya cire hula ya ce bai taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Ku faɗa min, wace mace za a gaya wa haka ta hana lamba? Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali, ba ya latti, ba ya mantuwa. In muka je cin abinci sai ya daidaita cokali da wuƙa kafin ya kai loma. A kulob kuwa in gardama ta kaure kan doka shi ake kira ya raba, don ya haddace dokokin wasan kamar shi ya rubuta su. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Bara na shiga gasar na faɗi warwas. Yaya Babba ya tara mu a falo, ya ce, "Auta, bawan Allahn nan ya yi haƙuri. Yau gasa, gobe atisaye. Sai yaushe?"

Kada ku ɗora wa kowa laifi a nan, ba wanda ya matsa min bakin. Ina son Safiyo, kuma ni da kaina na ce, "Ku ba ni bana. In na samu gurbi, ku ƙara min shekara ɗaya in je in gwada kaina. In ban samu ba na haƙura da gasa, ku sa duk ranar da kuka ga dama."

Safiyo ya yi murmushin nan nasa, ya ce ai ko bayan aure ba mai hana ni, za mu riƙa zuwa tare duk Asabar. Asabar, jama'a. Kamar yarinyar da ake lallashi da alewa. Amma a lokacin daɗi na ji, har na ce a raina na yi dacen miji.

Ranar gasar na shirya da wuri. Farar riga mai dogon hannu, wando ruwan toka, ƙaramin baƙin ɗankwali, na ɗora hular hana-sallah a kai. Na sauko da jakata falo na jingina ta da kujera, na yi abin da Abba ya koya min tun kafin in iya riƙe sanda da kyau: na ƙirga. Doka ce, ba a yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanda fiye da goma sha huɗu ba. Abba yakan ce in taɓa kan kowace da yatsa, kada in yarda da ido. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Sha huɗu.

Wayata ta yi ƙara.

"Gwanata, na iso. Yau ni ne jakinki, ki loda min duk abin da kika ga dama."

Na yi dariya ni kaɗai. A kullum ni nake jan jakata a kan 'yar kura mai taya, amma shi ya roƙa in bar shi ya riƙe min a wannan karon. Ya ce filin akwai hawa da gangara, in adana ƙarfina. Doka ta yarda da mai riƙe jaka, sai dai duk abin da ya yi, kanki ake rubutawa. Na sani sarai. To amma in ba ka yarda da Safiyo a kan doka ba, da wa za ka yarda?

Abin da ya fi ba ni mamaki da safen nan Mama ce. Mama ba ta taɓa taka filin golf ba, "yawon rana" take kiransa, kuma duk ranar da nake da wasa ba ta fitowa daga ɗaki sai ta ji na ja ƙofa. Ranar sai na same ta a kicin, ta haɗa min shayi, ta dafa ƙwai, ta sa ayaba a leda. Ta matso ta gyara min ɗankwali ta bayan wuya.

"Gashinki ya fito," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Na tsaya ina kallonta da kofi a hannu.

"Sha mana, zai huce. Kin tsare ni da ido kamar na ci bashinki."

Safiyo ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya saɓa jakar ya yi waje. Ni kuma na laluba aljihu na ji babu safar hannuna, na haura sama da gudu. Ta faɗa bayan gado, sai da na ja gadon. Da na leƙa ta taga na hango su a bayan mota, shi da Mama, but ɗin zuba kaya a buɗe, tana ninke wani tsohon zani suna magana ƙasa-ƙasa. Wallahi daɗi na ji. Na ce kai, yau komai ya daidaita, uwata da mijin da zan aura sun haɗa kai a kaina.

Sun haɗa ɗin kuwa.

A wurin bugun farko aka haɗa ni da wata ɗaliba, da kuma Doguwa, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo ta ɗaya bara. Mai sallamar 'yan wasa, wani dattijo mai malafa, ya kira sunayenmu, sannan ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"An ƙirga sanduna?"

Na miƙa hannu zan taɓa. Safiyo ya ɗan juya kafaɗa, jakar ta koma bayansa, farin tawul a rufe a kan sandunan.

"Sha huɗu cif, na duba," ya ce. "Ke dai ki ji da bugunki."

Na janye hannuna. Abin da Abba ya hana ni ke nan, na yarda da bakin wani.

Rami na farko na buga kamar ba ni ba. Ƙwallon ta tashi ta miƙe tsakiyar fili ta zauna. Rami na biyu na jefa ta daga nesa, ta yi ta gangarawa a hankali, ta ɗan leƙa bakin ramin, ta faɗa. Doguwa ta ɗaga gira ta ce, "Yau da shirinki kika zo." Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin har na fara tunanin wace jaka zan yi tafiya da ita.

Muka isa wurin bugun rami na uku. Safiyo ya sauke jakar, ya yaye tawul ɗin gaba ɗaya, ya tsaya cak.

"Innalillahi! Gwana, wannan kuma ta wace ce?"

Da ƙarfi ya faɗa. Mutumin da ko a waya sai na ce ya ɗaga murya. Doguwa ta juyo, ɗalibar ta juyo, har mutanen da ke tsaye bayan igiya suka juyo. Ya sa hannu ya zaro wata gajeriyar sanda, kanta ya dafe, mariƙinta an naɗe shi da baƙin salatif.

Ba sai an gaya min ba. Sandar Abba ce, wadda yake fitar da ƙwallo daga yashi da ita. Bayan rasuwarsa Mama ta rabar da duk kayan wasansa, ita kaɗai ta bari, ta naɗe ta a zani ta ɗora saman sif a ɗakinta. Ko ni ba ta bari in taɓa.

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa, ina taɓa kowace da yatsa kamar hakan zai rage ɗaya. Sha biyar.

Aka kira alƙalin wasa, ya zo a 'yar motarsa ta fili. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Tun daga farko tana ciki?"

"Ban sani ba," na ce. "Ina jin haka ne."

"To. Bugu biyu ake ƙarawa a kowane rami, amma ba ya wuce huɗu. Kin gama rami biyu, huɗu ke nan. Ki juya ta, kanta ya koma ƙasa, ba za ki taɓa ta ba har ki gama."

Bugu huɗu. Ku da ba ku wasan ba za ku gane ba. Na yi shekara guda ina tashi kafin in tafi shago, ina zuwa bayan na tashi, tafin hannuna ya yi kanta, duk don in rage bugu biyu. Aka ɗora min huɗu ina tsaye ban motsa ba.

Doguwa ta dafa ni. "Sannu, 'yar'uwa. Wallahi ban so miki haka ba."

Safiyo kuwa ya dafe kai. "Laifina ne, Gwana. Da ido na ƙirga, gajera ce, ta ɓuya a cikin sauran. Ki yafe min."

"Ba laifinka ba ne," na ce masa. Ni na faɗa, da bakina, har ina lallashinsa.

Domin na riga na samu mai laifi. Mama. Shayin, ƙwan, addu'ar, zanin da na ga tana ninkewa. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce ashe shi ya sa yau aka tashi da fara'a, ashe rami aka haƙa min tun daga kicin. Matar da ta zauna da ɗan golf shekara da shekaru, ai ba za ta rasa sanin abin da zai kayar da ni ba. Ta gaji da jira, tana son ta ga biki, ta ɗauko sandar ubana ta karya ni da ita.

Da wannan baƙin cikin na buga sauran ramukan, kuma abin haushi, ban taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba. Ba na jin rana, ba na jin ƙishi. Safiyo yana miƙo sanda ina karɓa ba tare da na dube shi ba. Duk sanda na waiga sai in ga baƙin salatif ɗin nan ya leƙo sama da sauran sandunan, sai in ƙara cije leɓe. A wani rami ƙwallona ta faɗa yashi mai zurfi, na shiga na fitar da ita da tawa sandar, ta tsaya dab da rami, mutane suka tafa. Ni kuwa kuka ne ya taso min, don Abba ne ya koya min wannan bugun, yana tsaye a bayana yana cewa in daki yashin, in rabu da ƙwallon.

A rami na ƙarshe ƙwallona ta zagaya bakin ramin ta fito. Na tura ta, na cire hula, na gaisa da su Doguwa. Muka zauna a inuwa muna jiran sauran su gama, ana ta liƙa sakamako a allo.

Ta huɗu. Tsakanina da ta uku bugu ɗaya. Ku cire huɗun nan ku gani, da sunana ne a saman allon.

Ban yi kuka a wurin ba, na riƙe har mota. Safiyo ya kunna sanyi, ya miƙo min hankici mai ƙamshin turarensa, ya bar ni na yi mai isata. Kafin ya tada motar ya ɗan danna waya, sai na ji tawa ta yi ƙara. Zauren hirar gidanmu ne na waya, mu da Yaya Babba da yayata Anti, wanda aka sa Safiyo a ciki tun bara.

Safiyo: "Ta yi ƙoƙari sosai, saura ƙiris. Allah bai nufa ba."

Yaya Babba: "Haka Allah ya so. Zan biyo ta gida da yamma."

Anti: "Ayya Auta, sannu. To amarya, sai a fara zaɓen kala ko?" Ta biyo da hoton yadi har uku, da 'yar fuskar nan mai ido kamar zuciya.

Ko gumin jikina bai bushe ba. Na kifa wayar a cinya.

"Mama ce," na ce. "Ita kaɗai ke taɓa sandar nan. Yau sai ta gaya min abin da na yi mata."

Ya rage gudu. "Gwana, ki saurare ni. Kada ki yi mata maganar."

"Kada in yi?"

"Uwa ce. Ko me ta yi, uwa ce. In kika tayar da maganar nan ba gurbin zai dawo ba, sai dai ki saɓa mata. Ki mayar da sandar inda take, ki yi shiru. Shi ya sa ban rubuta a zaure ba. A gida ni da ke kawai muka sani, a bar shi a haka."

Na dube shi, na ce a raina wannan wane irin mutumin kirki ne. An cuce ni, shi kuma yana kare wadda ta cuce ni. Har na ji kunyar kaina.

Da muka isa ya ce zai jira Yaya Babba a falo. Na zare sandar daga jaka na haura sama, ko takalmi ban cire ba. Na yi niyyar bin shawararsa, wallahi na yi. Zan ajiye mata a kan gado in fita, ta gani ta san na sani.

Ɗakin Mama yana nan yadda kuka san ɗakin uwa: keken ɗinki an rufe shi da tsohon labule, kwalaben turare a jere gaban madubi, hoton Abba a bango ya ɗan karkace. Tana zaune a bakin gado da tabaran da ni na yanka mata, tana warware bakin wata riga. Ta ɗago ta ga sandar a hannuna, sai fuskarta ta washe. Rabon da in ga Mama ta yi irin wannan murmushin tun Abba na da rai.

"Kin gan ta ke nan," ta ce. "Zo ki zauna. Na ga saƙon, kada ki damu, ta huɗu a cikin matan nan duka ai ba wasa ba."

Ban zauna ba. Ita kuma ba ta lura ba, ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi.

"Na san kina ganin ba na son abin nan naki. Ba ƙarya kika yi ba. Daga filin nan aka kawo min ubanku, Auta. Ya fita da ƙafarsa yana min tsiya, aka dawo min da takalmansa a leda. Ko a talabijin na ga koren filin nan sai in ji ƙirjina ya riƙe." Ta nuna sandar da haɓa. "Wannan a gida ya manta ta ranar. Ya zauna nan inda nake yana naɗa mata salatif, aka yi masa hon, ya tashi ya bar ta a kan gado. Shi ya sa na kasa bayarwa."

Ban taɓa jin labarin sandar nan ba. Na zauna kusa da ita.

"Kwanan nan ina kallonki, ki fita da duhu-duhu, ki dawo hannu duk ya farfashe, ba mai ce miki sannu. Na ce yarinyar nan ita kaɗai take yaƙinta. Ni dai ba zan iya zuwa ba, ƙafata ba za ta taku ba. Na ce to bari ubanta ya raka ta."

"Mama..."

"Tsaya mana. Sai kuma tsoro ya kama ni, don na san wasan nan naku da dokoki kamar kotu. Ni me na sani? Shi ne da kika hau sama na tari Safiyo. Na ce, ɗana, kai ne masani, in na sa mata wannan ba a hanawa? Ya ce, sa mata Mama, ba komai. Ban yarda ba, na sake cewa, ka tabbata ba za a ce ta yi laifi ba? Ya ce, haba Mama, ai ni zan riƙe jakar." Ta yi 'yar dariya. "Da hannunsa ma ya karɓa ya tura ta can ciki, ya rufa tawul. Ya ce kada in gaya miki, in bari ki gani a fili, zai fi daɗi. Yaron nan akwai hankali."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ihu na ji zan yi ba. Komai ne ya fara dawo min ɗaya bayan ɗaya.

Sha huɗu cif, na duba. Kafaɗar da ya juya. Tawul ɗin. Rami biyu cur yana sa hannu a jakar nan yana zaro min sanda, yana mayarwa, bai gan ta ba. Da a wurin bugun farko ya gan ta, ba abin da za a yi min. Da bayan rami na farko ne, biyu za a ƙara, kuma da biyu ma na wuce. Sai da hukuncin ya cika huɗu, ya kai inda ba ya ƙaruwa, sannan idonsa ya buɗe, muryarsa ta fito. Ai na gaya muku aikinsa awo ne. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Ni kuma na yi rami goma sha shida ina tsine wa shayin uwata a zuciya.

Mama ta dafa gwiwata. "To gaya min. Kin yi bugu da ita? Ko sau ɗaya?"

Idonta ya ciko, amma murmushi take. Na dubi matar nan da ta yi shekaru tana gaba da wasan da ya cinye mata miji, ta tashi rana ɗaya ta sauke gabar saboda ni, ta ɗauko abu mafi daraja a ɗakinta ta bayar. Yaya zan ce mata shi ne ya kayar da ni?

"Tana tare da ni har rami na ƙarshe, Mama," na ce.

"Alhamdulillahi," ta ce, ta share ido. "Na san zai ji daɗi."

Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Gwanata, Yaya Babba ya iso, Anti ma ta zo. Ki wanke fuska ki sauko. Ki tuna abin da na gaya miki game da Mama."

Na karanta sau biyu. Ban wanke fuskar ba. Na miƙe da sandar a hannu, Mama ta gyara mayafi ta biyo ni, tana cewa in bi a hankali kada in fasa mata fitilar bene.

A falo Yaya Babba ya baje a doguwar kujera, ya buɗe kalanda a waya. Anti ta shimfiɗa 'yan ƙyallayen yadi a kan tebur, ruwan hoda da ruwan zuma da wani kore. Safiyo yana zaune a ɗaya kujerar, ya canza riga, ashe da wata ya zo a mota. Kofin shayi a hannunsa, ya ɗora shi daidai tsakiyar faranti.

"Ga 'yar wasa," in ji Yaya Babba. "Sannu da ƙoƙari. To alƙawari dai ke kika ɗauka, ba mu muka ɗora miki ba. Safiyo ya ce akwai wani zauren taro da ya riga ya yi wa magana, suna da sarari wata mai zuwa."

"Ya riga ya yi magana," na ce. "Yaushe?"

"Ai shiri ba ya ɓaci," Anti ta ce. "Ke zo ki ga koren nan. Wai, meye wannan kika riƙo? Ba sandar Abba ba ce?"

Mama ce ta amsa daga bayana, cike da murna. "Ni na sa mata a jaka. Ubanta ya raka ta yau. Auta, gaya musu mana."

Safiyo ya ɗago. Bai firgita ba, ko kofin bai girgiza ba. Ya dube ni, ya ɗan karkata ido wajen Mama, ya dawo da shi kaina, a hankali, yadda yake nuna min layin da ƙwallo za ta bi. A nan na gane har wannan ya auna. Ya san ba yadda zan tona shi ba tare da na gaya wa Mama cewa hannunta aka ara aka yanka ni ba. Ya san na fi son in haɗiye, in sa koren yadi, in riƙa bin sa fili duk Asabar ina ƙirga sanduna, da in ga murmushin nan ya mutu a fuskarta. Ya san ni sosai. Shekara biyu yana karanta ni.

Na ture yadin Anti gefe, na kwantar da sandar a kan tebur, kanta na fuskantarsa. Na jawo kujera kusa da ni, na kama hannun Mama na zaunar da ita, ban saki hannun ba.

"Mama, ki yafe min abin da za ki ji," na ce. "Safiyo, kai ne masani. Ajiye kofin nan ka gaya wa uwata sanda nawa doka ta yarda a shiga fili da su."